Ki Yi Haƙuri Har In Dawo

Shafi na 14

Masu turo mini saƙo kuna cewa na cika ja muku rai, na ji ku. Wannan shafin sai da na ajiye waya na share ido kafin na iya ƙarasa shi, don haka wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta nemi wuri ta zauna tukuna.

*

Kunun ya huce a hannun Fadila. Ta dama shi da sassafe, ta ɗumama shi da hantsi, ga shi ya sake yin sanyi, ko ɗigo bai ragu ba.

'Yarta Husna na zaune kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta jingina da bango. Yarinyar da shekararta biyar, wadda a da in ta shiga madafa sai an ɓoye ƙuli-ƙuli, yau wuyanta ya zama siriri, idanu sun faɗa, rigar da aka ɗinka mata ta sunan ƙanenta har ta yi mata yawa. Tun ranar da ubanta Zakariya ya hau mota daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kan aikin karatunsa ta rufe baki. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai ta ga ba mai kallonta.

Fadila ta gyara goyon jaririn da ke bayanta, ta matso da kofin.

"Husnata, yi haƙuri ki sha ko kurɓi guda. Don Allah."

Hannun yarinyar ya riga ya taso, yatsun sun kusa taɓa kofin. Tana jin maganar uwar ta janye shi da sauri, ta cusa hannuwan biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta juya fuska ga bango. Sai ta kama wata 'yar waƙa ta makarantarsu ƙasa-ƙasa, muryar da ƙyar take fita.

Inna Maimunatu, uwar Zakariya, ta ajiye zogalen da take tsinkewa. Tun da ta ji labarin jikarta ta baro ƙauye ta tare a gidan.

"Kin ji waƙar ko? Da wa take yi? Ni dai na hwaɗa, wagga ba cutar likita ba ta. Aljana Doguwa ta, ita ka riƙe mata baki. Ku ba ni ɗiyar in kai ta Lugu wurin 'yan bori, kwana guda ya isa."

Fadila ta dubi kofin da ke hannunta. Me za ta ce? Jiya yayanta Abdussalamu ya zo ya yi ruƙiyya har muryarsa ta dushe, ya fita yana rantsuwa in aka kai yarinyar wurin 'yan bori, shi da gidan nan har abada. Likita kuma ya duba jini ya ce ba zazzaɓi ba komai, ya yi mata ƙarin ruwa, ya ce in gobe ta yi ba ta ci ba sai babban asibitin Doso, a zura mata robar abinci ta hanci. Kowa da maganinsa a baki, yarinya kuwa tana ƙarewa a gaban idonsu. Fadila ta yi kukan har ya gaji ya daina zuwa, yanzu tsoro ne kawai ya rage mata.

Aka yi sallama daga zaure.

Madam Basira ce, malamar su Husna a jardan, makarantar ƙananan yara. Ta shigo da leda a hannu, ta gaida Inna, ta yi wa mai jego barka da arziki.

"Maman Husna, wallahi sai yau nij ji. An ce ɗalibata ba lahiya?"

"Ga ta nan, Madam. Duba da idonki."

Basira ta durƙusa gaban yarinyar. Ta buɗe ledar ta ciro dabino guda, ta ɗora shi kan murfin kwano ta tura gabanta.

"Husna sarkin kwaɗai! Dubi abin da niz zo miki da shi."

Husna ta kalli dabinon. Ta rufe ido gam, ta ƙara danne hannuwanta da cinya, waƙar ta ƙara sauri.

Murmushin Basira ya mutu a fuskarta. Ta daɗe tana kallon yarinyar kafin ta ɗago.

"Maman Husna, tun yaushe take wanga zama?"

"Wane zama?"

"Wanga. Hannu ƙarƙashin cinya, huska ga bango, ga waƙa."

"Tun da babanta yat tahi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Madam, mi na na? Hwaɗa mini!"

"Zaman gwaji na."

Fadila ta san mijinta, malamin makaranta ne da ya koma jami'a, yana wani bincike kan halayyar yara. Ita a zatonta tambayoyi ne ake yi musu a cika takarda. Lokacin da aka yi aikin tana Kore Mairuwa gidan iyayenta tana wankan jego, an bar Husna wurin ubanta saboda makaranta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar yadda ake gwajin ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

"Wane irin gwaji?"

Basira ta gyara zama, ta rage murya.

"Ni nit taimaka mishi. Aji guda anka ba mu. A zaunar da yaro shi kaɗai, a aje mishi dabino guda bisa tebur. Mushe Zakariya shi ce mishi, in ka ci yanzu shi ke nan naka, in ka bari har in dawo, in ba ka biyu. Sai mu hita, mu leƙa ta taga."

"Don mi?"

"Don a gane mi yaro ka yi da hankalinshi in yana son danne kwaɗai. Waɗanda ka tsura ma dabinon ido, su ka hwara ci. Waɗanda ka kau da kai, su yi waƙa, su zauna bisa hannuwansu, su ka daɗewa. Abin da Mushe ka rubutawa ke nan."

"Husna ta shiga?"

"Bai kamata ba, tunda ɗiyarshi ta. Amma ta ga ƙawayenta na shiga, ta sa kuka sai ta yi. Kahin shi kai ƙohwa ta cinye dabinon, har tana tambaya ina na biyun." Basira ta yi ɗan murmushin da bai kai ko'ina ba. "Mu duka munka yi dariya. Shi bai yi ba."

Fadila ta matso kusa da ita.

"Daga nan hwa?"

"Daga nan yac ce mini za shi koya mata a gida. Wai yana son shi gani ko ana canza halin yaro. Ni na ɗauka wasa na. Rannan ya zo lakwal, makarantarmu, yana ta murna, yac ce Madam, Husna ta canza, yanzu duk ajin ba mai kamo ta."

Inna Maimunatu ta tafa hannu.

"Ku ji mini! A aje ma yaro abinci a hana shi ci, shi ad da sunan karatu?"

Fadila ba ta ji ta ba. Wata tambaya ce ta faɗo mata, ba ta san daga ina ta zo ba.

"Madam, in za shi hwara gwajin, mi yake ce ma yaro?"

"Ai takardar da hwaransanci taz zo, mu munka zauna munka juya ta. Da hwarko mun sa jira, sai yara sunka riƙa tashi suna bin shi ƙohwa su jira shi can. Sai Mushe yac ce a sa kalmar da kowane yaro yas sani tun yana goye."

"Wace?"

"Haƙuri. Ki yi haƙuri har in dawo."

Kofin ya suɓuce daga hannun Fadila, kunun ya malale kan tabarma.

Tasha ta tuna. Ranar da suka raka Zakariya, Husna ta rungume ƙafarsa tana ihu ba za ta yarda ya tafi ba, direba na ta danna oda. Ya sunkuya, hankalinsa rabi na kan jakarsa da ake ɗaurewa a saman mota, ya shafa kanta ya faɗi abin da kowane uba mai tafiya ke faɗa wa 'yarsa.

"Husna, ki yi haƙuri har in dawo, kin ji?"

Yarinya ta yi tsit nan take, kamar an kashe rediyo. Har Fadila ta yi hamdala a ranta, ta ce kai, 'yata ta yi hankali da ba na nan. A hanyar komawa gida ta saya mata masa mai zafi, Husna ta riƙe ta a hannu har suka iso ba ta gutsura ba.

"Wayyo Allah," in ji Fadila. "Wayyo Allah, ni na kashe ta."

"Subhanallahi, Maman Husna!"

"Ni ta! Madam, kin san mi nika ce mata? Kullum, sahe da rana da marece? Yi haƙuri ki ci. Yi haƙuri ki sha. Ko yanzu kahin ki shigo ta miƙo hannu, da idona nig gani, ta miƙo hannu za ta ɗauka, sai nic ce mata yi haƙuri!"

Ta juya ga surukarta.

"Inna, ke ma haka kike ce mata."

Inna ta sunkuyar da kai.

Ai ba su kaɗai ba. Maƙwabta da suka yi ta sintiri da kwanoni, kowace ta durƙusa ta ce yi haƙuri ɗiyata ki taɓa. Likita da zai soka mata allura, yi haƙuri. Abdussalamu da ya kawo ruwan tofi, yi haƙuri ki shanye. Duk kalmomin da ke cikin Hausa mai ilimin nan ya rasa wadda zai ɗaure yarinya da ita sai wadda ba a wuni a gidan Bahaushe ba a faɗe ta ba. Da ita ake lallashi, da ita ake roƙo, da ita ake ba mara lafiya magani. Duk wanda ya so Husna a kwanakin nan, da bakinsa ya ƙara kulle nata.

Fadila ta rarrafa ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Husna, dube ni. Ba gwaji ba na. Kin ji? Mama ta ce ki ci."

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar.

"Abba bai dawo ba."

"Ni na ce ki ci!"

"Abba bai dawo ba, Mama."

Ta mayar da fuskarta ga bango.

Basira ta tashi tana ta ba da haƙuri, sai ta ji abin da bakinta ke faɗa ta yi shiru. Ta ce za ta dawo da la'asar, ta fita tana share hawaye da gefen mayafi. Fadila ta kwance goyo ta miƙa wa Inna jaririn.

"Abban Husna ya ce yau da azahar za shi iso. Inna, daga yanzu kada wanda ya sake hwaɗin kalmar nan cikin gidan ga. Ko baƙo yaz zo, ki tare shi a zaure."

*

Ana kiran sallar azahar ɗan kabu-kabu ya sauke Zakariya a ƙofar gida. Ya shigo da jaka a kafaɗa da ledar tsaraba, burodin Yamai na leƙowa. Husna ta samu barci ya ɗan ɗauke ta a kan tabarma. Ya tsaya a kanta, ya ga abin da ta zama, ledar ta yi ƙasa a hannunsa.

Fadila na tsaye bakin ɗaki.

"Shigo."

Ya gaida uwarsa a tsaitsaye, Inna ta amsa ba ta dube shi ba. Ya bi matarsa ciki, ta tura ƙofa.

"Ya jikin nata? Mi likita yac ce?"

"Zakariya."

Ya ɗago da sauri. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, Abban Husna take cewa, kafin nan kuma Mushe, wato malam.

"Mi kay yi ma ɗiyata da ba ni nan?"

"Wace irin tambaya ta wagga?"

"Madam Basira ta zo."

Ya ajiye jakar a hankali. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Bon. Zauna in yi miki bayani."

"Ba ni zama."

"Fadila, ba abin da kike zato ba na. Horo na, ɗan entraînement. Akwai binciken da anka yi a ƙasashen waje, wasu masana na ganin yaron da ba ya iya danne son ranshi tun yana ƙarami, in ya girma yana shan wahala ga karatu, ga zama da mutane. Ni ubanta na. Na ga rauni ga ɗiyata, in naɗe hannu?"

"Rauni. Don ta ci dabinon da kab ba ta."

"Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. An yi dariya gaban malamai, ɗiyar mai binciken ita ta hwara ci. Kunya kaj ji."

Ya kau da kai. Hakan ya fi mata zafi da a ce ya musa.

"Da mi kah hwara?"

"Da dabino."

"Sai mi?"

"Biskit. Tsire, in na sawo."

"Sai mi?"

"Fadila…"

"Sai mi, nic ce!"

"Abincinta. Amma kaɗan-kaɗan, progressivement, ban taɓa ɗora mata abin da ba ta iyawa ba. Ni nik koya mata dabarun, ta kau da ido, ta zauna bisa hannu, ta yi waƙa. Kuma ta koya! Wallahi da kin gan ta, yarinyar da ba ta iya minti guda, ta kai tun azahar har la'asar tuwo na gabanta ba ta taɓa ba."

Har yanzu da sauran alfahari a muryarsa. Shi kansa ya ji shi, ya sunkuyar da kai.

Fadila ta dafa bango. Tun azahar har la'asar. Ita tana can Kore Mairuwa ana dama mata kunun kanwa, ana gasa mata nama, ana cewa ci ki ƙara mai jego, 'yarta na nan ita kaɗai a ɗaki tana yi wa bango waƙa.

"In ta iya, mi kake yi mata?"

"In ɗauke ta. In ɗaga ta sama, in ce ɗiyar Abba ta. In kai ta yawo bisa moto."

"Kai da ba ka taɓa ɗaukarta ba tun da ta hwara tahiya. Kullum kana bisa littahi, in ta zo ka ce a janye ta."

"Shi ya sa nig ga abin ya haɗa mu."

"In ta kasa hwa?"

"Ban taɓa bugunta ba. Na rantse da Allah, ko yatsa ban taɓa ɗaga mata ba."

"Ban ce ka buge ta ba. Mi kake yi?"

Ya kalli ƙasa.

"Ba ni yi mata magana."

"Har yaushe?"

"Har wanshekare."

Fadila ta zauna bakin gado ba don ta so ba. Gida ba uwa, ba kaka, ba kowa sai uba ɗaya, shi ma ya ɗauke mata baki kwana guda don ta ci tuwonta. Da duka ya yi mata da ya fi sauƙi, ta yi kuka ta manta.

"Ka tuna abin da kac ce mata a tasha?"

Ya rufe ido.

"Na tuna."

"Yaushe kat tuna?"

Ya gyara tabarau.

"Na kira ka ina kuka, nic ce Husna ta daina ci. Kac ce kishin jariri na, a ƙyale ta yunwa za ta koro ta. Na sake kira, kac ce ga ka cikin taro. Yaushe kat tuna, Zakariya?"

"Tun kira na biyu."

"Tun kira na biyu."

"Zato niy yi kawai! Nic ce c'est pas possible, ba shi yiwuwa, yarinya ba ta kai haka, jiki da kanshi za shi tilasta ta. Na ce ki ba ta waya, kin ji ni, na ce mata ta ci abinci."

"Ta waya. Kai da kac ce har ka dawo."

"Profesa ya ba ni rana in gabatar da aikina. In ta wuce sai baɗi. Shekara nawa ina wahalar abin ga, Fadila, kin sani. Nic ce in gama in taho, kwana kaɗan na…"

"Ka gama?"

"Na gama."

"Sun yaba?"

Sai ya fashe da kuka. Babban mutum, ya durƙushe tsakar ɗaki ya dafe kai yana kuka kamar yaro. Fadila ta dube shi, ta nemi tausayinsa a zuciyarta ta rasa. Ko haushi ma ba ta ji ba a lokacin, gajiya ce kawai ta lulluɓe ta.

"Fadila, don Allah ki yi ha…"

"Kada ka ƙarasa! Wallahi in kalmar nan ta sake hita bakinka cikin gidan ga, ban san abin da za ni yi ba."

Ya haɗiye sauran.

"Ba kukanka nika so ba. Gobe za su kai ta Doso su sa mata roba ta hanci. Kai kak kulle ta, kac ce har ka dawo. To ka dawo. Tashi ka wanke huskarka, ka hita ka buɗe mata baki. Abin da ke tsakanina da kai sai ta ci tukuna."

*

Inna ta riga ta dama sabon kunu, ta zuba masa madara da sukari har ya yi fari. Ta miƙa wa ɗanta kofin, ta koma gefe da jaririn a cinya.

Zakariya ya durƙusa kan tabarma. Ya taɓa kafaɗar yarinyar, ya ji ƙashi a ƙarƙashin rigar.

"Husna."

Ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi, sai fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta yunƙura za ta tashi, jikin ya ƙi. Fadila ta tallafe ta ta jingina ta da bango.

"Abba."

"Na'am, ɗiyar Abba. Ga ni."

"Abba, ban ci ba."

"Na sani. Na sani, kin yi ƙoƙari. Kin hi kowa." Ya share ido da bayan hannu, ya ɗago kofin. "Gwaji ya ƙare. Na dawo. Sha."

Fadila ta riƙe numfashi. Inna ta daina jijjiga jariri.

Husna ta kalli kofin. Tururi na tashi, ƙamshin madara ya cika rumfar. Maƙogwaronta ya motsa. Ta kalli ƙofar zaure, ta dawo da ido kan ubanta, sai ta yi wani ɗan murmushi da busassun leɓɓanta, irin na yaron da ya gano inda aka ɓoye masa abu.

"A'a."

"Husna, ga ni gabanki. Na dawo, ba komi, sha abinki."

"Haka kac ce rannan."

"Wace rana?"

"Da kak kawo tsire. Kac ce na dawo, ba komi, ci abinki. Da nic ci, kac ce wayo kay yi mini. Kac ce ashe har yanzu ban iya ba." Ta tsaya ta huta, maganar ta gajiyar da ita. "Ba ka yi mini magana ba har nit tahi lakwal."

Fadila ta juyo a hankali ta dubi mijinta. Wannan bai faɗa mata a ɗaki ba.

"Mi take cewa?"

Kofin ya karkace a hannunsa, kunu na zuba kan yatsunsa bai ji zafin ba.

"Mataki na ƙarshe na. Don in ga ko za ta tsaya in an ruɗe ta. Sau guda niy yi, Fadila, sau guda tak, ana gobe za ki dawo…"

"To in gwajin ya ƙare da gaske, mi kake ce mata?"

Ya dubi kofin.

"Akwai wata magana ko? Wadda ta san ba wayo ba na? Hwaɗa mata ita!"

"Ita ke nan."

"Ita wace?"

"Wadda nih hwaɗa yanzu. Ba ni da wata."

Inna Maimunatu ta saki salati. Jaririn ya tsorata ya tsala kuka.

Zakariya ya matsa kusa har gwiwarsa ta taɓa ƙafar yarinyar.

"Husna, wallahi ba wayo ba na. Na rantse miki da Allah. Dube ni, Abba kuka yake yi, kin taɓa ganin Abba na kuka? Ga shi, ni ma ina sha." Ya kurɓa, ya kai kofin bakinta. "Sha, don Allah, ko kaɗan. Ba ni sake yin hushi da ke har abada."

Ta datse leɓɓanta. Kunun ya bi haɓarta ya sauka kan rigar.

Da sauran ƙarfin da ya rage mata ta jawo hannuwanta ta tura ƙarƙashin cinya. Ta so ta juya ga bango, wuyan ya kasa, kanta ya soma zamewa gefe. Fadila ta tare shi da tafin hannu tana kiran sunanta, tana jijjiga ta, idanun yarinyar na lumshewa amma suna kan ubanta.

"Abba… ka gani? Ban sha ba. Na yi haƙuri ko?"